Danish da Shona: wanne ya fi yi wa Bahaushe sauƙi?

Sadiq_Odense:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, na ce bari in kawo ta ko masana za su warware mana. Shekarata ta uku ke nan a Danmak ina karatu, ina zuwa ajin koyon Danish da yamma sau biyu a sati, amma har yau in mai kanti ya yi min magana da sauri sai na ce ya maimaita. To a gidan da muke haya akwai wani ɗan Zimbabuwe mutumin Masvingo, kicin ɗinmu ɗaya da shi, ni ban taɓa zama na ce yau zan koyi Shona ba amma daga jin yana waya da mahaifiyarsa kullum na kama gaisuwa da kalmomi da yawa, kuma in na faɗa sai ya ce haka yake. Danish ɗin da nake kashe wa lokaci kuwa in na faɗi kalma sai a ce min "hvad?" wato me ka ce. Ni dai a ganina Shona ya fi Danish sauƙi nesa ba kusa ba ga wanda ya tashi da Hausa a bakinsa. Ko akwai mai ja?

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam. Ni ina ja Malam Sadiq. Gaisuwa ka koya, ba ka shiga cikin gidan ba tukuna. Shona yaren Bantu ne, kuma sunayensa sun kasu rukuni-rukuni wajen 20, kowane rukuni da irin ɗafin da yake ɗauka a farkon kalma, kuma duk abin da ya biyo bayan sunan sai ya bi shi. Duba: munhu mutum, vanhu mutane. Muti bishiya, miti bishiyoyi. Chinhu abu, zvinhu abubuwa. Yanzu in za ka ce "nawa", babu kalma ɗaya, ɗana mwana wangu, 'ya'yana vana vangu, littafina bhuku rangu, ɗakina imba yangu, abina chinhu changu, abubuwana zvinhu zvangu. Mu a Hausa nawa da tawa kawai gare mu. Danish kuwa rukuni biyu ne, en da et, sannan aikatau ba ya canzawa ko waye ya yi aikin, jeg er, du er, han er, vi er, duk er ne. Ina sauƙin da ya wuce wannan?

Sadiq_Odense:
Malam a takarda gaskiyarka ne. Amma en da et ɗin nan babu wata ƙa'ida da za ta gaya maka wanne ne, haddacewa ake yi kalma bayan kalma. Shona ko ba komai kana ganin farkon kalmar ka san gidan da take.

Ummu_Khalil:
Ni na zauna Harare shekara huɗu lokacin da aiki ya kai maigidana can, kuma ina bayan Sadiq. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ranar da na ji maƙwabciyata ta kira mahaifinta, a rubuce baba ne kamar namu, amma a baki ɓaɓa take cewa. Ashe b ɗinsu ɓ ce, d ɗinsu kuma ɗ ce. In suna son b da d irin na bas da dala sai su ƙara h, bhazi mota bas, bhuku littafi, dhorobha gari. Turawan da ke unguwarmu sun yi shekaru ba sa iya fitar da wannan sautin, ni kuwa ranar farko na faɗa, matar ta riƙe baki tana tambayata wa ya koya min. Na ce mata da shi aka haife mu. Ga wasulansu biyar ne cif a e i o u, kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, yadda aka rubuta haka ake karantawa. Wata uku na yi na fara cinikin tumatur da ganye a kasuwar Mbare da yarensu, da kurakurai dai amma ana gane ni.

abba_kn:
su ne masu yin kas kas da harshe in suna magana ko?

Ummu_Khalil:
A'a Abba, wannan Ndebele ne na wajen Bulawayo, da Zulu da Xhosa a Afirka ta Kudu. Shona ba shi da shi. Nasu abin wahalar wani sauti ne mai kama da fito, ana rubuta shi sv, zv, tsv, dzv. Shi ne a sunan garin abokin Sadiq, Masvingo, da sunan marigayi Tsvangirai tsohon firaministan ƙasar, da zvakanaka wato ya yi kyau ko to madalla, kalmar da za ka ji sau ɗari a rana. Wannan v ɗin ba a furta ta, alama ce kawai cewa s ko z ɗin za ta fito da ɗan fito. Wannan kam har na baro ƙasar bai zauna min sosai ba.

Injiniya_Aarhus:
Sadiq ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, ni shekarata tara a nan. Bari in gaya wa waɗanda ba su sani ba inda gizo ke saƙar. Danish rubutunsa daban maganarsa daban. Kalmar selvfølgelig, ma'anarta tabbas ko ai dole, ka ƙirga haruffanta 12, amma a baki abin da za ka ji bai wuce "seføli" ba, sauran an haɗiye. Ga wasula, a rubuce tara ne in ka haɗa da y da æ ø å, a baki kuwa sun haura 20, kuma bambancin wasu kunnenmu ba ya kama shi sam a farko. Ga d mai laushi wadda in ka ji za ka rantse l ce. Shi ya sa duk baƙo sai sun sa shi ya ce rødgrød med fløde, sunan wani fate-faten 'ya'yan itace ne da ake zuba wa kirim, don su ji yadda zai yi da ita. Sannan uwa uba stød, wani ɗan shaƙewa ne a maƙogwaro a tsakiyar gaɓa, ba a rubuta shi amma yana canza ma'ana. Hun ita, hund kare, d ɗin ba a furtawa, shaƙewar nan ce kaɗai ta raba su. Mor uwa, mord kisan kai. Ka ga kuwa wannan ba wurin yin kuskure ba ne.

Hajjo_Gombe:
Innalillahi, uwa da kisan kai? Allah ya kyauta.

Malam_Nahawu:
Injiniya ai stød ɗin nan bai kamata ya gagari Bahaushe ba. Muna da hamza a sa'a da jama'a da ma'ana, muna da 'ya'ya, maƙogwaronmu ya saba da tsayawa. Kuma kada mu manta shi ma Shona yana da nasa abin da ba a rubutawa, karin sauti ne na sama da na ƙasa kamar dai namu. Mu ma ai muna rubuta fari ɗaya, amma farin launi da farin rashin ruwa da farin ido ba ɗaya ba ne a baki. Baƙo mai koyon Hausa kuka yake da wannan, haka mai koyon Shona.

Injiniya_Aarhus:
Fitar da shi ba wuya Malam, sanin inda za a sa shi ne aikin. Kuma ba cikakkiyar hamza ba ce, in ka datse numfashi gaba ɗaya irin na sa'a sai ya yi yawa. Amma maganar karin sauti ai hujjar Sadiq ka ƙarfafa, tunda mu kunnenmu ya riga ya saba da sama da ƙasa tun muna goye.

Dr_Zee:
Akwai binciken da Dorthe Bleses da abokan aikinta suka fitar a 2008, sun kwatanta yaran Danmak da yaran wasu harsuna, suka ga yaran Danmak suna ɗan jinkiri wajen tara kalmomi a farkon shekarunsu, kuma abin da suka danganta shi da shi shi ne yawan wasula da haɗiye baƙaƙe, yaro ba ya saurin gane inda kalma ta ƙare wata ta fara. Daga baya suna kamo sauran. To in ɗan gida ya sha wannan, Sadiq kada ka ga laifin kanka. Su kansu 'yan Norwe da Suwidin suna karanta jaridar Danish lafiya lau amma in aka buɗe baki sai su fara neman a maimaita.

Bappa_Yola:
Ni abin da Malam_Nahawu ya kawo a sama na rukunin sunaye bai tsorata ni ba ko kaɗan don Fulfulde haka yake, sai dai mu a ƙarshen kalma muke sa namu, su a farko. Nagge saniya, na'i shanu, Pullo da Fulɓe. Masana ma sun sa Fulfulde da yarukan Bantu a babban gida ɗaya na Neja-Kongo, Hausa kuwa Chadi ce, danginta na nesa su ne Larabci da Amharik da yaren Buzaye. Don haka wanda ya tashi da Hausa da Fulfulde tare kamar mu nan Adamawa ya samu biyu, ɓ da ɗ a baki, rukunin suna a kai.

Sannan tunda ana maganar Danmak, mutane da yawa ba su san cewa 'yan mishan ɗin Danmak sun zauna a Numan ba. Likita Niels Brønnum ya iso a 1913, daga aikinsu ne cocin LCCN, wato cocin Lutheran ta Najeriya, ta fito, hedikwatarta na Numan har gobe, kuma da Hausa ake yawancin ibada a cikinta. Wato su sun zo sun koyi namu tun fiye da shekara 100.

Zongo_Boy_Accra:
Mu ma nan Ankara ta Gana muna da tarihi da su. Fadar Osu da ke bakin teku, wadda ta daɗe tana zaman fadar gwamnati, Christiansborg sunanta, 'yan Danmak ne suka riƙe ta har suka sayar wa Ingila a 1850. Kuma wani masanin harsunansu Rasmus Rask ya yi rubutu a kan yaren Ga na mutanen Ankara tun 1828. Amma yau ba za ka ji mai Danish a Osu ba, sai 'yan sunayen iyali da suka rage.

Sadiq_Odense:
Kai na ƙaru wallahi, ban san da maganar Numan ba. Amma mu dawo kan batu, ba wanda ya taɓo ƙidaya, kuma ita ce ta fi ba ni ciwon kai. 50 a Danish halvtreds ne. Na tambayi malamarmu me ya haɗa hamsin da "rabi", ta ce asalin kalmar halvtredsindstyve ce, wato rabin na uku sau ashirin, ma'ana ashirin biyu cikakku da rabin ta ukun, biyu da rabi sau 20. 60 tres, ashirin uku. 70 halvfjerds, uku da rabi. 80 firs. 90 halvfems, huɗu da rabi sau ashirin. Kuma ƙaramar lamba ake fara faɗa, 55 femoghalvtreds, biyar da hamsin. In ana karanto maka lambar waya sai ka rubuta ta baya kafin ta gaba.

Agogo ma haka. Watan farko da na zo aka ba ni lokacin ganawa a wani ofis ta waya, matar ta ce halv tre. Na san halv rabi, na san tre uku, na rubuta uku da rabi a takarda har na ja layi. Na fito da wuri, na hau keke cikin ruwan sama, na isa uku da kwata ina ganin na yi sammako, na zauna riƙe da fayil ɗina a jiƙe. Da aka duba kwamfuta sai aka ce ai lokacina ya wuce tun biyu da rabi, halv tre rabin hanya ce zuwa uku. Sai da na jira sati uku kafin a sake ba ni wani lokacin, kuma takardar da nake nema ita ce ta buɗe asusun banki. Raina ya ɓaci ranar sosai. A Shona abokina ya ce gumi goma, makumi mashanu gomomi biyar, zana ɗari, shi ke nan.

Dan_Damagaram:
Malam Sadiq wannan bai kai lissafin kuɗinmu na Nijar ba ai. Mu da dala muke ƙirgawa, dala ɗaya sefa 5, in mai shago ya ce maka dala ashirin to 100 yake nufi, ɗari kuma 500, jika 1000. 'Yan Najeriya in sun zo Zinder ko Maraɗi kullum sai an yi wannan rikicin da su. Mu kuwa ba lissafi muke ba, mun san kowace da sunanta. Ina jin su ma 'yan Danmak haka ne, ba mai tsayawa yana ninka biyu da rabi.

Injiniya_Aarhus:
Haka yake ɗan Damagaram, yarana da aka haifa a nan halvtreds kalma ce kawai a wurinsu. An ma taɓa ƙoƙarin sauƙaƙawa, takardar kroner 50 ta daɗe ana rubuta femti a jikinta wato gomomi biyar irin na 'yan Norwe da Suwidin, amma ba mai faɗa a baki, da aka buga sababbi a 2009 sai aka koma halvtreds.

Kaka_Mai_Tarihi:
Yara ku tuna mu ma hamsin da sittin da saba'in aro ne daga Larabci. Kafin nan gomiya biyar ake cewa, kuma masu ƙirga wuri suna da hauya, ashirin ke nan. Har yanzu a ƙauye za ka ji ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu. Kowane yare da irin tasa hanyar.

Ummu_Khalil:
Gaskiya ne Baba. Kuma kada Sadiq ya ɗauka a Harare da makumi mashanu ake ciniki, yawanci da Turanci suke faɗin farashi, matasa ma in ka ce su ƙirga da Shona zuwa ɗari sai sun yi tunani. Ni abin da ya sa yaren ya shiga raina ba nahawu ba ne, ladabi ne. Da safe za a ce mangwanani, marara sei, kun kwana yaya, amsar ita ce ndarara kana mararawo, na kwana in ku ma kun kwana. Da yamma maswera sei, kun wuni yaya. Kuma babba ba a ce masa iwe wato kai, sai imi wato ku, daidai da yadda ba za ki ce wa surukarki ke ba. Suna sa Va a gaban sunan babba, suna tafa hannu a hankali in za su karɓi abu ko su yi godiya, mata da irin tafinsu maza da nasu. Ranar da na fara zuwa gidan maƙwabciyar nan tawa ta zuba min ruwa a hannu na wanke, aka kawo sadza, tuwon masara ne sak, da ganye da nama, na ji kamar ina Funtuwa.

Sadiq_Odense:
Hajiya kin taɓo inda yake min ciwo. Nan hej ne kawai, shiga hej, fita hej hej. Suna da De na girmamawa amma ya kusa mutuwa tun wajen shekarun 1970, yanzu farfesa ma du za ka ce masa kuma ka kira sunansa gatsal, sai gidan sarauta da wasu tsofaffi ake yi wa De. Na fi wata shida bakina yana nauyi kafin in iya kiran malamina da sunansa.

Fatima_Kbh:
Yaya Sadiq a yi musu adalci dai. Ba su da doguwar gaisuwa amma godiya ba a bar su a baya ba. An ci abinci tak for mad, an tashi aiki tak for i dag, kun haɗu da wanda kuka yi zama da shi kwanaki tak for sidst, kamar dai mu ce ya gajiyar rannan. Kuma wajen dangi sun fi Turanci tsari, mormor kakar wajen uwa, farmor kakar wajen uba, morfar da farfar haka, moster 'yar'uwar uwa, faster 'yar'uwar uba wato inna da goggo, morbror kawu, farbror baffa. Wannan ni a rana ɗaya na riƙe shi. Wani abin kuma da ya zo min da sauƙi, yadda muke cewa gida gidan, mota motar, su ma a baya suke liƙawa, hus huset, bil bilen. 'Yan ajinmu masu Turanci da Sifaniyanci sun sha wahalarsa, ni ban ga komai ba.

Ummu_Khalil:
To Fatima na Shona ma ji, tete goggo, sekuru kaka namiji kuma shi ne kawu, mainini ƙanwar uwa wato ƙaramar uwa, maiguru babbar uwa, babamunini da babamukuru ƙanin uba da wansa. Kamar an fassara daga gidanmu. Abin da ba su da shi shi ne shi da ita, iye ne duka, mace ko namiji.

abba_kn:
to wai su wa suka fara rubuta musu shona din, kuma me ya sa basu sa kugiya kamar namu ba tunda suna da sautin

Malam_Nahawu:
Tambaya mai kyau Abba, kuma sun taɓa sawa. 'Yan mishan ne suka fara, kowace coci da irin rubutunta gwargwadon karin yankin da take, Zezuru a wajen Harare, Karanga a Masvingo, Manyika a gabas wajen Mutare, ga Korekore ga Ndau. Sai aka gayyato Clement Doke daga Afirka ta Kudu, ya zagaya ƙasar ya fitar da rahotonsa a 1931 wanda ya haɗe su a rubutu ɗaya, kuma a cikin haruffan da ya kawo akwai ɓ da ɗ irin namu sak, da wasu huɗu. A 1955 aka cire su saboda wahalar keken rubutu da injin buga littafi, sai b da d suka rikice, a 1967 aka gyara da bh da dh. Shi ya sa dada yin girman kai ne, dhadha kuwa agwagwa. Ka ga kai yanzu ka rubuto kugiya ba ƙugiya, da mun bi hanyarsu da ba mu da wannan matsalar a waya. Ba ina cewa a canza namu ba ne, amma abin dubawa ne. Su kuma 'yan Danmak akasin haka suka yi, a 1948 suka ƙaro å a madadin aa, duk da birnin Aalborg ta ƙi sakin nata, Aarhus ma ta koma Aa a 2011.

Dr_Zee:
Na taɓa jin cewa 'yan Danmak ne suka taimaka aka yi ƙamusun Shona zalla, ko ba haka ba?

Malam_Nahawu:
Maƙwabtansu ne Dakta. Aikin ALLEX ne na haɗa ƙamusun harsunan Afirka, Jami'ar Zimbabuwe da ta Oslo a Norwe da ta Gothenburg a Suwidin, Herbert Chimhundu ya jagoranta, ƙamusun farko ya fito a 1996, babban kuma a 2001. Amma ga abin da ya fi damuna a kwatancen nan. Masu Danish wajen miliyan 6 ne, masu Shona sun haura miliyan 10, amma da Danish ake karanta likitanci da shari'a, da shi majalisa take zama, suna da hukumar kula da harshe tun 1955, kuma ba za ka samu takardar zama ɗan ƙasa ba sai ka ci jarrabawar yaren. Shona kuwa tsarin mulkin 2013 ya sa shi cikin harsuna 16 da ƙasa ta amince da su, amma ofis da jami'a Turanci ne. Mu da muka ninka su duka biyun yawa ina muke?

Hajjo_Gombe:
Wannan ita ce maganar Malam. Ɗana yana aji huɗu ana cin su tara a makaranta in sun yi Hausa.

Injiniya_Aarhus:
Su ma fa suna kukan Turanci yana cinye musu yare, musamman a jami'o'i da kamfanoni. Kuma wannan ne ma dalili na biyu da Sadiq bai iya ba har yanzu, kana fara kame-kame za su juya maka zuwa Turanci don kusan kowa ya iya. Abokinka na Masvingo kuwa murna yake in ka faɗi kalma ɗaya, yana ƙara maka wata. Ba yaren kaɗai ba ne, da wanda kake yi da shi.

Bappa_Yola:
Ni har yanzu ina ganin ba a amsa wa Malam_Nahawu ba. Sadiq gwada ka ce "ban gan su ba jiya" da Shona mu gani, in ka iya to na sallama.

Sadiq_Odense:
Bappa ban kai nan ba, abin da na riƙe shi ne ndinoenda ina tafiya, ndakaenda na tafi, ndichaenda zan tafi, handiendi ba na tafiya, kuma ni wannan ya yi min kama da na, ina, zan namu, sai dai su a haɗe suke rubutawa. Mutumin yana aikin dare wannan satin, in ya dawo da safe zan tambaye shi in kawo maka, har da yadda ake cewa shiru tsit, don na ji yana cewa zii. Injiniya don Allah in kana da lambar wani ajin da ake zama ana hira da tsofaffi a laburare ka turo min ta akwati, na Odense ko kusa, ranar Asabar ce kawai nake da sarari.